Magana ko aiki? Sharhi a kan wani zance da ake jingina wa Faransis na Asisi

Akwai wani zance da ya yaɗu tsakanin masu aikin mishan, wanda ke cewa a yi wa'azin bishara kullum, amma kada a buɗe baki sai in ya zama dole. Ana jingina shi ga Faransis na Asisi. Ra'ayinmu shi ne zancen yana da rauni ta fuskar tarihi da ta fuskar ilimin harshe.

Ta fuskar tarihi, ba a samu zancen cikin rubuce-rubucen Faransis ba. Ƙa'idarsa ta 1221 ta umurci ƴan'uwa su yi wa'azi da ayyukansu, amma ta kuma yarda su faɗi imaninsu a fili in suna zaune cikin Musulmi. Shi kansa, a 1219, ya je wurin Sarki al-Kamil kusa da Damiyata a Misira, kuma magana ce ta kai shi.

Ta fuskar harshe, zancen ya ɗauka cewa aiki yana ɗauke da ma'anarsa shi kaɗai. Mu ɗauki asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950. Manomin Adar da aka yi wa aikin gwaiwa ya ga alheri da idonsa. To, da wane suna zai kira shi? Yana da kalmomi a shirye: sadaka, neman lada, ko aikin Nasara. In ba a gaya masa komi ba, cikin waɗannan zai zaɓa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma gani ba ya bayyana niyya.

Haka kuma, raba magana da aiki bai tsaya ba tun bayan littafin John Austin na 1962, wanda aka fassara da Faransanci a 1970. Alkawari, baftisma da neman gafara ayyuka ne da baki ke aikatawa. Kalmar bishara, wadda Hausa ta aro daga Larabci, tana nufin labari mai daɗi, labari kuwa sai da mai ba da shi.

Duk da haka, ba mu raina dalilin da ya sa zancen ke da farin jini ba. Bayan ƙone majami'u a Zinder da Yamai cikin Janairu 2015, ana iya fahimtar Kirista da ya ga shiru ya fi kwanciyar hankali. Kuma wa'azin da ake yi wa majinyaci a kan gado yana da nasa aibi, domin mai neman magani ba ya da cikakken ikon cewa a'a.

Muna ganin kalmar shaida ta fi dacewa da wannan muhawara. A Hausa tana nufin abin da mutum ya faɗa gaban alƙali, tana kuma nufin alamar da ake gani a jikin dabba ko kaya. Tambayar da ta kamaci mai bincike ita ce: wa ke magana, ga wa, kuma mai sauraro yana da damar ƙi?