Laushin kuloci ba kyauta ba ne

Direban da ya wuni yana jigilar fata daga Challawa, ko kayan roba daga Sharaɗa, yana taka kuloci a gosulo, ba zan ga laifinsa ba idan ya ce wa bakanike, "Maigida, ƙafata ta gaji, a sassauta min shi." Abin da ba na so shi ne amsar da ta zama yayi a wasu garejoji: a tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo kulocin sama mai ƙaramin baki, ko a murɗa sandar feda, a karɓi kuɗi.

Lissafin a fili yake. Kuloci mai aiki da man birki, kulocin sama ke tura mai zuwa na ƙasa. In ka cire mai faɗin inci 3/4 ka sa mai 5/8, nauyin takawa zai ragu da kusan kashi 30 cikin 100, amma man da ake turawa ma haka zai ragu. Sai feda ta kai ƙasa, faranti bai gama saki ba, giya ta fara ƙara, ribas ma sai da faɗa. Ciniki ne, an sayi laushi an biya da nisan takawa.

Murɗa sandar ta fi muni. Idan aka cinye ɗan wasan da ke saman feda, ƙofar da mai ke komawa kofi takan toshe. Mota na yin zafi, man ya kumbura, kuloci ya kama zamewa da lodi a baya.

Masu haɗa motar tsere da hannunsu a Ingila, irin Caterham, wadda ta gaji Lotus Seven a 1973, su ma suna canza waɗannan kaya. Sai dai motarsu ba ta kai tan ɗaya ba, kuma sukan auna tafiyar kulocin ƙasa kafin su taɓa komai. Cikin kanikawanmu a Bompai, wa ke ɗauko ma'auni?

Sau da yawa taurin daga wani wuri yake: faranti ya cinye, mahaɗar feda ta bushe don ƙurar hunturu, tiyo ya kumbura ta ciki, ko a manyan motoci iskar da ke taimakon kuloci tana zuba. Man birkin kansa yana jan ruwa, amma akwai motar da tun da aka sauke ta daga Kwatano ba a taɓa juye nata ba. Waɗannan ya kamata a fara dubawa, ko da direba na sauri, mai kaya na buga waya.