BABI NA HUƊU: TARKEN KWATANTA INNA DA MATAN RABO NA GIRKAWA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayanin iskokin da Maguzawa da 'yan bori na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka sani, aka nuna cewa a cikin iskoki mata babu kamar Inna. A wannan babi kuwa za a duba wata magana da ake ji a bakin ɗalibai masu nazarin al'ada, wai Inna ita ce takwarar mata ukun nan da Girkawan dauri suka ɗauka su ne allolin ƙaddara. Irin wannan kwatance ba yau aka fara shi ba. A.J.N. Tremearne, a littafinsa The Ban of the Bori (1914), wanda ya tattara akasarin bayanansa a wurin Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus, ya yawaita auna bori da addinan tsofaffin al'ummun gefen Bahar Rum. Wannan bincike yana ganin kwatancen bai zauna ba. Takwarar matan nan a wurin Bahaushe ba iska ba ce, kalma ce, wato rabo.

4.1 Matan Rabo a Tunanin Girkawa

Girkawa suna kiran waɗannan mata Moyirai. Tilon kalmar, moyira, ma'anarta kaso, wato abin da ya faɗo wa mutum idan an yi rabon nama ko gona ko ganimar yaƙi. Mawaƙin nan Hesiyod, wanda ya rayu wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya kawo sunayensu a waƙarsa Theogony: Kuloto mai kaɗi, da Lakesis mai yanka wa kowa kasonsa, da Aturofos wadda ba a juya ta. A wani wuri ya ce 'ya'yan Dare ne, a wani wurin kuma cikin waƙar ya ce 'ya'yan Zeyus ne, babban gunkin Girkawa, da matarsa Temis. Daga baya aka riƙa siffanta ran ɗan'adam da zare: ta fari ta kaɗa, ta biyu ta auna, ta uku ta tsinke.

Labarai uku sun isa su nuna halinsu. Na farko, a littafi na 16 na waƙar Iliad ta Homa, Zeyus ya ga ajalin ɗansa Sarfedon ya gabato a fagen yaƙin Taroi, ya so ya tsamo shi. Matarsa Hera ta gargaɗe shi cewa in ya yi haka kowane gunki zai nemi tsamo nasa ɗan. Dole ya haƙura, aka kashe Sarfedon yana ji yana gani.

Na biyu, labarin Meliyaga. Ranar da ya cika kwana bakwai da haihuwa matan suka bayyana, suka ce ransa zai ƙare ne ranar da wani itacen da ke ci a murhu ya ƙone. Uwarsa Altiya ta yi wuf ta zare itacen, ta kashe wutar, ta ɓoye shi a akwati. Yaro ya girma ya zama jarumi. Da ya kashe 'yan'uwan uwar tasa a wata rigimar farauta, sai ita da kanta ta ɗauko itacen cikin fushi ta cusa a wuta.

Na uku, labarin sarki Adimetos, wanda gunki Afolo ya yaudari matan domin a ɗaga masa ajali. Sun yarda, amma da sharaɗin wani ya mutu a madadinsa, matarsa Alkestis ta ba da ranta. Idan aka lura, a duk labaran nan ba laifin mutum ne yake jawo hukuncin matan ba. Tun ranar haihuwa suke yankewa, ba don ƙauna ba, ba don ƙiyayya ba.

4.2 Halin Inna

Inna tana da sunaye da yawa. Ana ce mata Doguwa, da Bafillatana, da Uwar Gona, kuma shi kansa sunan Inna sakayawa ne irin wanda ake yi wa uwa. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, ya yi bayaninta. Masana da suka yi aiki a Maraɗi, irin su Guy Nicolas, sun tarar da Doguwa iri-iri, waɗanda suka fi shahara su ne fara da baƙa. Haka abin yake a bakin dattawan da mai wannan bincike ya zanta da su daga ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari.

Aikin Inna tsaro ne da bayarwa da ramuwa. Tana tsare gona da rumbu da dukiyar gidan da ya riƙe ta. Wanda ya saci amfanin gonar da aka ba ta ajiya, an yi imani za ta kumbura masa ciki ko ta shanye masa hannu ko ƙafa. Daga nan Hausa ta sami kalmar shan-inna. Idan kuma mutanen gidan ne suka yi sakaci da yankanta, sai ta juya kansu. Amma fushin nata yana da magani. Ana zuwa wurin boka ko mai bori ya faɗi laifin da aka yi, a mayar da abin da aka sata, a zuba mata nono, a yanka dabba mai launin da take so a gindin jigo ko tsamiya. Wato dai Inna abokiyar ciniki ce, ana ba ta, tana bayarwa.

4.3 Inda Suka Yi Kama da Inda Suka Rabu

Ba za a ce masu kwatancen ba su da madogara ko kaɗan ba. Duka ɓangarorin mata ne, duka ana tsoronsu har ana sakaya sunansu ko a ambace su da ladabi, duka kuma suna da hannu a rai da mutuwa. Har ila yau, siffar kaɗi ba baƙuwa ba ce ga mutumin wannan yanki na auduga, inda Daudawa ta ƙasar Faskari ta yi suna da gonar auduga tun zamanin Turawa. Duk wanda ya tashi a gaban kakarsa ya ga yadda ake gurza auduga, a shiɓe ta, a yi sutu, a dangwali alli a murza mazari a cikin taskira, ba zai sha wuyar gane Kuloto ba.

Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce. Bambanci na farko shi ne dalili. Inna ba ta taɓa mutum sai da sanadi, ko sata, ko saɓa alkawari, ko tura ta da wani ya yi. Matan Girkawa ba sa jiran sanadi. Na biyu shi ne iyaka. Ikon Inna yana kan gidan da ya gaje ta da wanda ya taɓa kayanta, alhali matan can ikonsu ya game kowa, har da sauran gumaka. Na uku shi ne lallashi. Gaskiya ne marubucin nan Fosaniyas na ƙarni na 2 Miladiyya ya ambaci wuraren bautarsu a garuruwa irin su Korinti da Sikiyon, to amma a labaran nasu yanka ba ya ƙara wa zare tsawo. Na huɗu kuma, wanda ya fi muhimmanci, Bamaguje bai ɗauki Inna a matsayin mai yanke ajali ba. Ya san da Allah a sama da iskoki duka, gare Shi yake jingina rai da ruwan sama. Don haka kujerar da Girkawa suka ɗora matan nan a kai, a wurin Bamaguje ma ba ta iska ba ce.

4.4 Rabo a Bakin Bahaushe

Idan ana neman moyira a Hausa, a karin magana za a same ta. Bahaushe yana cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, yana cewa mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa, yana kuma cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kalmar rabo da kalmar moyira tushensu ɗaya a tunani, wato kaso. Bambancin kawai, Bagirke ya yi wa kason fuska da hannuwa da mazari, Bahaushe ya bar shi kalma. Da Musulunci ya kafu sai kalmar ƙaddara, wadda aka aro daga Larabci, ta zauna tare da rabo, aka mayar da al'amarin ga Allah Shi kaɗai, kasancewar imani da ƙaddara ɗaya ne daga cikin shika-shikan imani shida.

Dabarar Altiya ma tana da 'yar'uwa a nan. Matar da ke wabi, wato 'ya'yanta suna mutuwa tun suna ƙanana, akan kai jaririnta kan juji a ajiye kamar ba a so, wata ta ɗauko, a riƙa kiransa Ajuji ko Ayashe. Manufar ita ce a kawar da idon abin da ke ɗauke 'ya'yan. Uwar Girka ta ɓoye itace, uwar Hausa ta ɓoye ƙauna, kuma duka biyun a makon haihuwa abin yake farawa, lokacin da ake raɗa suna.

Amma Bahaushe bai tsaya a rabo kaɗai ba. Bakin da ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama shi ne ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka, ya kuma ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Ko a Girka, Aflatun a littafi na 10 na Republic ya sa rayuka su zaɓi irin rayuwar da za su yi a gaban Lakesis, ya ɗora alhakin zaɓin a wuyan mai zaɓa.

4.5 Naɗewa

Wani zai ce mene ne amfanin wannan rarrabewa, tunda masu yi wa Inna yanka sun ragu ƙwarai? Amfanin shi ne, haɗa Inna da matan rabo yana rufe wani abu mai daraja a tunanin kakanninmu, wato neman sanadi. Bamaguje in ɗansa ya shanye, ba ya naɗe hannu, tambaya yake yi, me aka yi, wa ya yi, me za a gyara? Amsar da ya samu kuskure ce, domin shan-inna ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma rigakafi ne ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da asalin ƙwayar daga Afirka ranar 25 ga Agusta, 2020. Amma tambayar tasa daidai ce.

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A lokacin, da ma bayan hare-haren da ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka sha, kalmar da ta fi yawo a wuraren jaje ita ce ƙaddara. A matsayin haƙuri da sallamawa ga Allah, kalmar tana kan wurinta. Amma idan aka yi amfani da ita don a hana tambayar wa ya yi da kuma wa ya yi sakaci, to an mayar da ita Aturofos ke nan, wadda ba a yi mata magana. Wannan ba koyarwar Musulunci ba ce, ba kuma gadon Bahaushe ba ne. A babi na gaba za a duba yadda kalmomin rabo da ƙaddara da tsautsayi suke fitowa a tatsuniyoyin wannan yanki.