Jinjina ga Ese Brume, Gwanar Dogon Tsalle

An haifi Ese Brume a Ughelli ta jihar Delta a 1996, shekarar da Chioma Ajunwa ta ciwo wa Najeriya zinare a Olamfik na Atlanta da tsallen mita 7.12. Shekara 25 babu macen da ta karya wannan tarihi a Afirka, sai a 2021 da Ese ta dira mita 7.17.

Wasan nan ba ya yafe kuskure. 'Yar wasa za ta sheƙo a guje ta taka katakon tashi. In ɗan yatsa ya gota layi, tsallen ya tashi a banza. In kuma ta dafa hannu a baya wajen sauka cikin yashi, daga wurin hannun alƙalai za su auna.

A haka ta ci zinaren wasannin Commonwealth a Glasgow a 2014 tana shekara 18, ta maimaita a Birmingham a 2022. A tsakani ta ɗauko tagulla a gasar duniya ta Doha da Olamfik na Tokyo, da azurfa a gasar duniya ta Oregon. Daɗewa a sahun gaba ya fi ci sau ɗaya wuya. Sannu da ƙoƙari, Ese!