Masu Ɗaura Sukari a Jikin Zinare

Saman kowace ƙwayar halitta ta jikinmu lulluɓe yake da wasu 'yan sarƙoƙin sukari, waɗanda furotin ke laluba ya gane inda zai kama. Ta nan ƙwayar cutar mura ke samun shiga, ta nan kuma gubar kwalara ke maƙale wa hanji. Abin da ya daɗe yana ci wa masu bincike tuwo a ƙwarya shi ne riƙon da furotin ɗaya ke yi wa sukari ɗaya ba shi da ƙarfi, kafin a auna shi ya saki. Sai sun taru suke riƙewa, kamar ƙarangiya a bakin wando: ƙaya ɗaya ba ta komai, tarinsu kuwa sai an zauna an cire.

A 2001 Soledad Penadés da abokan aikinta a birnin Sebil na Sifaniya suka fito da dabara. Suka tara sukarin a jikin ƙwayar zinare da ba ta wuce nanomita 2 ba, alhali nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda.

Ga inda gwanintar take. Sukari ba ya kama zinare da kansa, don haka sai a ɗaura masa wata 'yar igiya mai farar wuta a ƙarshenta, tunda farar wuta idan ta kama zinare ba ta sakinsa da sauƙi. Tsawon igiyar nan kaɗai aiki ne. In ta yi gajarta, sukarin zai kwanta a jikin zinaren, furotin ya kasa kai gare shi. In aka cunkusa sukarin da yawa, su hana juna sakat; in aka ƙaranta, riƙon ya yi sako-sako. Mai wannan aiki yakan sake haɗi, ya wanke, ya tace, ya sake aunawa, duk a kan abin da idonsa bai taɓa gani ba. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni.

Sakamakon kuwa ido na ganinsa. Ƙwayoyin zinare masu ɗan girma, kamar nanomita 15, ja wur suke a cikin ruwa, irin jan da masanin kimiyya Michael Faraday ya yi nazari a kai tun 1857. Da furotin ya kama sukarin ƙwayoyi da dama ya haɗe su wuri guda, sai ruwan ya rikiɗe ya koma shunayya ko shuɗi.

A 2007 ayarin David Russell a Jami'ar East Anglia ta Ingila ya yi amfani da sukarin madara wajen gano gubar kwalara ta wannan sauyin launi. Mu da amai da gudawa ke yi wa ɓarna da damina, ya kamata ɗalibanmu na kimiyyar haɗa sinadarai su koyi wannan aiki, su kuma iya shi da hannunsu.