Jinjina ga Masu Ɗaukar Hoton Ƙwaƙwalwar Yara a Jos

Akwai wata muguwar farfaɗiya da ke biyo bayan zazzaɓi. Yaro lafiya lau, kwanaki kaɗan bayan jikinsa ya yi zafi, sai jijjiga ta ƙi tsayawa. Sau da yawa hoton MRI na farko ba ya nuna komai. Sai bayan watanni ake ganin ƙwaƙwalwar ta motse, musamman sashen da ke riƙe abin da aka koya.

Shi ya sa nake jinjina wa ma'aikatan sashen hoto na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Aikin haƙuri ne ƙwarai: lallashin yaro ya kwanta ba motsi cikin na'ura mai ƙara, kwantar da hankalin uwa, da adana tsohon hoto domin likita ya gwada shi da sabo.