Gwanin Share Dusar Ƙanƙara da Ƙaramar Taraktarsa

A watan Nuwamba na 2014, dusar ƙanƙarar da ta zuba a wasu garuruwa na kudancin birnin Buffalo a jihar New York ta Amurka ta haura mita biyu cikin 'yan kwanaki. Motoci suka nutse, wasu rufin gidaje suka rufta, mutane suka buɗe ƙofa suka tarar da farin bango a gabansu. Mazauna yankin sun san dalili. Iska mai tsananin sanyi ce ke ratsowa ta saman Tafkin Erie tun ruwansa bai daskare ba, ta kwashi danshi, da ta hau tudu sai ta juye shi a kan garuruwan da ke bakin gaɓa. Haka abin yake a kudu maso gabashin Tafkin Ontario, inda birnin Syracuse kan sami kimanin mita uku na dusar a shekara.

Hukumar gari tana share manyan tituna da manyan motocinta, amma daga ƙofar gareji zuwa bakin titi aikin mai gida ne. Wanda bai share ba, ba shi ba zuwa aiki, 'ya'yansa ba su ba makaranta. Dusar kuwa tana da yaudara. Busasshiya mai laushi ba ta fi kilo 100 a kowace mita guda mai tsawo da faɗi da zurfi ba, amma jiƙaƙƙiya takan ninka wannan sau uku ko fiye. Shi ya sa likitocin can kullum suke gargaɗin dattawa game da shebur, domin ɗaga irin wannan nauyi cikin sanyi yana kayar da masu ciwon zuciya kowace shekara.

Wani mutumin Quebec a Kanada, Arthur Sicard, shi aka fi dangantawa da ƙirƙiro injin da ke kwasar dusar ya watsa ta gefe. Ɗan gidan makiyaya ne da ke kai madara kasuwa, ƙanƙara na tare masa hanya, ya lura da yadda injin casar hatsi ke aiki, ya yi ta gwaji har ya fito da nasa a 1925. A 1927 garin Outremont da ke Montreal ya sayi na farko. Waccan babbar mota ce ta hukuma. A farkon shekarun 1960, da kamfanoni irin su International Harvester da John Deere suka fara ƙera ƙananan taraktoci na cikin gida, talaka mai fili ya sami abin da zai yanke ciyawa da shi a lokacin zafi, hunturu na kamawa ya cire farantin yanka ya ɗaura masa injin watsa ƙanƙara a gaba. Tarakta ɗaya, aiki biyu. Wanda ya iya wannan sauyi da hannunsa, ya kuma iya tuƙa ta cikin dusar, ina ganin ya cancanci a kira shi gwani ba tare da jin nauyin baki ba.

Injin kansa ba shi da wuyar fahimta. Akwati ne na ƙarfe mai buɗaɗɗen baki, faɗinsa ya ɗan haura mita guda. A cikinsa akwai murɗaɗɗen ƙarfe a kwance, irin wanda ke tura hatsi a cikin injin markaɗe, sai dai wannan yana jawo dusar ne daga gefe biyu zuwa tsakiya. A ƙananan injuna wannan ƙarfen ne ke jefa ta waje da kansa. A manya kuwa akwai farfela a bayansa mai juyawa da gudun gaske, ita ke karɓar abin da aka tara ta harba shi ta wani bututu da ke tsaye a sama, ya tafi mita goma ko fiye. Bututun yana juyawa dama da hagu, a kansa kuma akwai 'yar hula da ake ɗagawa ko sunkuyarwa don a ƙayyade nisan jifa.

Ana gane gwani tun a watan Oktoba, ganye na kaɗewa, sama ba ta ko nuna alamar ƙanƙara ba. Sabon shiga yakan bari sai dusar ta sauka, sannan ya kwanta a kan siminti mai sanyi da yatsu a sandare yana laluben noti cikin duhu. Gwani ya riga ya zaɓi rana mai haske, ya ajiye taraktar a wuri mai daidai, ya ja birki, ya zare makulli, ya cire wayar fulogi don kada injin ya tashi hannunsa na ciki. Sai ya sauke farantin yankan ciyawa, ya zare ƙusoshin da ke riƙe da shi, ya cire bel, ya jawo shi waje, ya kankare masa ciyawar da ta manne kafin ya jingine shi, domin ita ce ke riƙe danshi ta jawo tsatsa. Ƙananan ƙusoshi da makullansu kuwa yana zuba su a gwangwani ɗaya ya rufe. Wanda ya taɓa neman ƙusa guda a watan Afrilu ya san amfanin wannan gwangwani.

Daga nan sai ɗaura firam ɗin da zai ɗauki injin. Ƙarfe ne da ke shiga ƙarƙashin taraktar ya kama jikinta a wuraren da kamfani ya tanada, kuma kowane samfuri da nasa, ba a yi masa dole. Gwani ba ya ɗaure noti ɗaya tam tun da fari. Yakan sa su duka sako-sako, ya ga komai ya zauna a mazauninsa, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana. Injin yakan kai kilo 100, saboda haka ba ɗaga shi ake yi ba, taraktar ake turowa a hankali har bakinta ya shiga inda ya dace.

Wurin da aikin ya fi bukatar natsuwa shi ne bel. A yawancin ƙananan taraktoci, sandar injin taraktar tana kallon ƙasa ne, fulin da ke jikinta yana juyawa a kwance, alhali ƙarfin ana bukatarsa can gaba kuma ta wata fuska dabam. Don haka bel ɗin yakan bi ta kan wasu ƙananan fulaye, ya karkace, sannan ya isa inda za shi. A wasu samfuran, idan aka karkata shi ta ɓangaren da ba shi ba, murɗaɗɗen ƙarfen zai juya da baya, ya riƙa ture dusar maimakon haɗiye ta. Idan ya yi sako-sako zai riƙa zamewa ya yi zafi har a ji ƙaurin roba. Idan kuma ya yi tsauri fiye da kima, sai ya ci boris. Gwani yakan bi zanen da ke littafin injin, ya sa bel ɗin, sannan ya juya fulin da hannu yana kallo ko akwai inda yake gugar ƙarfe. Manyan taraktoci suna hutar da mai su daga wannan, domin sandar ƙarfe ce ke kai ƙarfin gaba kai tsaye, sai dai ita ma tana son giris da murfinta na kariya.

A ƙasan akwatin akwai dogon ƙarfe mai kankare ƙasa, a gefe biyu kuma akwai wasu takalma na ƙarfe da injin ke zamewa a kansu. Su ke ƙayyade tazarar da ke tsakanin makankarin da ƙasa. A kan siminti ko kwalta, tazarar milimita uku ta wadatar, wasu ma kwali suke sakawa a ƙarƙashi su auna da shi. A kan hanyar tsakuwa dole a ɗaga shi santimita biyu ko uku, in ba haka ba injin zai kwashi duwatsu ya harba su, kuma dutsen da farfela ta jefa yana fasa gilashin taga, yana fasa kai. Kafin wannan awo, sai an daidaita iskar tayoyi, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatar da komai.

Abin da ya fi burge ni a wannan injin wata 'yar ƙusa ce da aka ƙera musamman don ta karye. Ita ce ke haɗa murɗaɗɗen ƙarfen da sandar da ke juya shi, an yi ta da ƙarfe mai taushi, wani lokacin har da tsagi a jikinta. Ranar da injin ya haɗiyi dutse, ko sarƙar kare, ko jaridar da ta daskare a ƙarƙashin dusar, ƙusar ce za ta tsinke nan take, ƙarfen ya tsaya, akwatin giya ya tsira. Mai gaggawa idan ta karye masa sau biyu sai ya fusata ya sa ƙusa mai tauri daga shago, yana ganin ya yi dabara. Karo na gaba ƙusar ba za ta karye ba, haƙoran giya ne za su zube, abin da zai kashe a gyara ya ninka kuɗin ƙusar sau ɗari. Gwani yana da irin ƙusar ta asali guda huɗu ko biyar a aljihun rigar sanyinsa tare da sifana biyu, kuma yakan sa wa sandar giris tun kaka, domin idan tsatsa ta manne ƙarfen da sandar, ƙusar ba ta da sauran amfani.

Nauyin da aka rataya a gaba yana rage wa tayoyin baya kama ƙasa, su ne kuwa masu tuƙi. Saboda haka ake ɗaura musu sarƙa, a kuma rataya ƙarafa masu nauyi a bayan taraktar ko a jikin tayoyin. Irin na John Deere masu hannu kamar akwati, kowane ɗaya kimanin kilo 19 ne. Wasu sukan sace iskar taya kaɗan, su sa sarƙar, sannan su mayar da iska don ta kama gam. Baƙin mai ma ana sauya shi zuwa marar kauri irin 5W-30, domin na lokacin zafi yakan yi kauri cikin sanyi har injin ya ƙi tashi, a kuma duba batir. Aiki na ƙarshe a kaka shi ne zagaya fili: a kwashe tiyo da wayar lantarki da kayan wasan yara, a kakkafa dogayen sanduna masu ƙyalli a gefen hanya, domin idan fari ya rufe ko'ina babu mai sanin inda kwalta ta ƙare, inda furanni suka fara.

Ranar aiki, kafin gwani ya taɓa makulli yakan tsaya ya ga ta ina iska ke kaɗawa, ya dunƙula dusar a hannu ya ji ko busasshiya ce ko mai ruwa. Ƙofar gareji a buɗe take kafin a tayar da injin, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri ba tare da wari ba. Idan babu iska, yakan fara daga tsakiyar hanya ya riƙa jifa gefe biyu, don kada ya sake kwasar abin da ya riga ya jefa. Idan iska na tasowa daga gefe, sai ya fara daga ɓangaren da take fitowa, ya bi ta da jifa, ya sunkuyar da hular bututun. Wanda ya yi jayayya da iska, fuskarsa ce za ta sha.

Totur a ƙure yake, amma tafiyar a hankali. Wannan shi ne abin da sabon shiga ya fi kasa ganewa, domin hannu yana son a rage wuta idan za a tafi sannu. Farfela tana bukatar cikakken gudunta, taraktar ce kawai za a ja wa linzami. Kunne ke jagorancin sauran. Muddin ƙarar injin na tafiya daidai, dusar na fita a dogon baka, komai lafiya. Da ƙarar ta fara nauyi, jifan ya gajarta, gwani ya san ya cika wa injin baki, sai ya rage tafiya ko ya ɗauki rabin faɗi kawai. A dusar da ta fi bakin akwatin tsawo, yakan ɗaga injin ya yanke ta sama, ya ja da baya, ya sauke ya kwashe ta ƙasa. A gangare yana hawa ne ya sauka, ba ya ratsawa ta gefe. Kuma idan an ce za a kwana ana zuba, ba ya jira a gama, yakan fita sau biyu ko uku.

Mafi wuyar wuri shi ne bakin titi, inda motar hukuma ke turo tudun ƙanƙara mai haɗe da gishiri da yashi. Nauyi gare shi, idan kuma aka bar shi ya kwana sai ya koma dutse. Ana cin sa ne kaɗan-kaɗan tun yana sabo, a jefa shi cikin fili, domin garuruwa da yawa sun hana mayar da ƙanƙara kan titi. Da yawa daga masu irin wannan tarakta, idan sun gama nasu, sukan wuce ƙofar tsohuwar da ke maƙwabtaka da su su buɗe mata hanya kafin ta farka. Bayan an gama, ana barin injin ya yi ta juyawa babu komai na minti ɗaya ko biyu, a share ragowar da buroshi, don kada ta daskare ta riƙe farfela, gobe bel ya ƙone wajen tayarwa.

Jiƙaƙƙiyar dusa tana toshe bututu komai gwanintar mutum, kuma a nan ne dubban mutane ke raunata hannu kowace shekara a Amurka, wasu su rasa yatsu. Kashe injin kaɗai bai isa ba, domin bel da farfelar da suka maƙale suna riƙe da sauran ƙarfi, da an cire abin da ya toshe sai su zabura. Ga 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Minnesota ko Manitoba ko Buffalo, waɗanda wata rana maƙwabci zai ara musu irin wannan tarakta: idan bututu ya toshe, ku kashe injin, ku zare makulli, ku jira komai ya tsaya cik, sannan ku zaƙulo da sanda. Kada ku sa hannu, ko da kuna sanye da safar hannu.