Talaka ko Matalauci? Nazari a Kan Fassarar Luka 4:16-30 a Kudancin Kano

1.0 Gabatarwa

Da kakar bara, aikin tattara karin harshe ya kai ni wani ƙauyen Maguzawa da ke tsakanin Tudun Wada da Riruwai, inda gidaje da dama yanzu Kirista ne. Ran Lahadi mai masaukina ya gayyace ni wurin ibadarsu, na zauna can baya da littafin rubutuna. Mai wa'azi ya karanto sura ta 4 ta Linjilar Luka, wurin da aka ba da labarin yadda Yesu Almasihu, watau Annabi Isa a bakin Musulmi, ya shiga majami'ar Nazarat ran Asabar aka miƙa masa littafin Annabi Ishaya. Abin da ya karanta ya ƙunshi albishir ga marasa shi, da sakin waɗanda ke ɗaure, da buɗe idon makafi, da sauke wa waɗanda aka danne kaya, da shelar wata shekara karɓaɓɓiya. Da ya gama ya naɗe littafin ya zauna, ya shaida wa jama'a cewa a ranar nan maganar ta tabbata.

Abu biyu suka ja hankalina. Na farko, kalmar da mai wa'azin ya karanto daga littafi ita ce matalauta, amma da ya shiga bayani sai bakinsa ya koma talakawa. Na biyu, ya ƙare da cewa talaucin da ake nufi na zuciya ne, ɗaurin kuwa na zunubi. Da aka tashi, wani dattijo ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Malam, to ni da gonata ke jingine shekara huɗu, ina cikin waɗanda aka saka ɗin, ko kuwa?" Malamin ya ce, "Baba, ai wannan maganar ta ruhu ce." Dattijon bai sake cewa komai ba.

Wannan maƙala ba ta shiga muhawarar addini ba. Aikinmu shi ne mu duba kalmomi, mu ga abin da suke ɗauke da shi a harshen asali da abin da suke ɗauke da shi a Hausa. Ra'ayina shi ne tambayar dattijon nan tana da gindi a cikin nassin, kuma Hausa tana da kalmar da za ta nuna haka.

2.0 Yadda Nassin Ya Shigo Hausa

Wanda ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa shi ne James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS. Ya fara fitar da su a 1857, Sabon Alkawari kuma ya cika a 1880. Babban mai taimaka masa shi ne Dorugu, yaron da aka kama bawa a yankin Damagaram, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: Hausar farko da aka rubuta zancen sakin ɗaurarru da ita, daga bakin 'yantaccen bawa aka koye ta. Daga baya Dokta Walter Miller, wanda ya zauna Zariya daga 1905, ya jagoranci aikin da ya haifar da cikakken littafin a 1932, aka kuma yi sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Ta hannun mishan ta SIM, da cocin ECWA da ta fito daga cikinta a 1954, da sauran ɗariƙu, littafin ya kai ƙauyukan Maguzawa na kudancin Kano.

Ƙasar da ya tarar ba baƙuwar ɗauri da danniya ba ce. A ƙarni na 19 kudancin Kano ya sha hare-haren Ningawa, ana kwashe mutane. Riruwai tsohon garin narka kuza ne tun kafin zuwan Turawa, sa'an nan kamfanonin Turawa suka karɓe sana'ar a ƙasar kuza, masu ita suka koma leburori. Tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta ɗiban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Filato. Saboda haka idan aka karanta wa jikokin waɗannan mutane zancen ɗaurarru da dannannu, ba su bukatar a kawo musu misali daga nesa.

3.0 Wane Ne Mara Shi?

Da Girkanci aka rubuta Linjilar Luka. Harshen yana da kalmomi biyu da suka shafe mu. Akwai penes, watau wanda sai ya yi aiki zai ci, kamar ɗan ƙwadago. Akwai kuma ptokos, wanda ba shi da komai sai abin da aka ba shi. Ta biyun ce Luka ya yi amfani da ita a nan, kuma ta zo sau 10 a Linjilarsa. Idan muka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya za mu tarar da Li'azaru mai gyambuna a ƙofar attajiri (sura 16), da gwauruwa mai 'yan anini biyu (sura 21), da waɗanda aka jera tare da guragu da makafi a zancen gayyatar biki (sura 14). Haka kuma a sura ta 6, inda Luka ya kawo albarkar da aka sa wa marasa shi, bai ƙara bayanin ruhu da ke cikin Matiyu sura ta 5 ba, sai ma ya biyo da gargaɗi ga mawadata. Ke nan fassarar da ta mayar da talaucin na zuciya kaɗai ta aro muryar Matiyu ne ta sa a bakin Luka.

To, wace kalmar Hausa ce ta dace? Muna da huɗu aƙalla. Faƙiri da miskini daga Larabci suka zo, kuma suna ɗauke da hukuncin zakka, domin su ne na farko cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa. A mazhabar Malikiyya miskini ya fi faƙiri rashi, don haka ya fi kusa da ptokos, sai dai a Hausar yau kalmar ta karkata ga naƙasasshe. Matalauci kuwa bayanin aljihu ne kurum: wanda ba shi da shi. Talaka ita ce mai wuyar sha'ani, domin asalin ma'anarta wanda ba ya riƙe da sarauta. Attajiri mai shanu ɗari talakan sarki ne. Kishiyar matalauci mawadaci, kishiyar talaka basarake.

Bugu da ƙari, a ƙasar Kano kalmar ta sake ɗaukar wani kaya tun ran 8 ga Agusta 1950, ranar da aka kafa jam'iyyar NEPU. Bayanin Sawaba ya siffanta zaman Arewa a matsayin gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, Malam Aminu Kano kuma ya yi rayuwarsa yana maimaita wannan. Lokacin da Gwamna Abubakar Rimi na PRP ya soke haraji da jangali a 1979, da sunan talaka ya yi. Don haka duk Bakanon da ya ji an haɗa albishir da talakawa a jimla ɗaya, kunnensa zai jiyo sawaba, ko mai magana ya nufa ko bai nufa ba.

A ganina masu fassara sun kyauta da suka zaɓi matalauta, domin ita ce ta yi daidai da ptokos ba ragi ba ƙari. Amma kuma zamewar harshen mai wa'azin nan ba kuskure ba ne tsantsa. Kalmar Ibrananci da ke cikin Ishaya 61, watau anawim, tana nufin waɗanda aka ƙasƙantar, aka sunkuyar da su. A nan akwai mai dannewa da wanda aka danne, kuma talaka ce kaɗai cikin kalmominmu huɗu ke nuna wannan dangantaka. Abin da ya kamata mai bayani ya yi shi ne ya karanta matalauci, ya bayyana da talaka, ya kuma san cewa ya sauya kalma.

4.0 Saki, 'Yanci da Gafara

A nan ne babban al'amarin yake. A aya ta 18 kalma ɗaya ta Girkanci, afesis, ta zo sau biyu: sau ɗaya game da ɗaurarru, sau ɗaya game da dannannu. Zuwanta na biyu ma ba daga Ishaya 61 yake ba. Daga Ishaya 58 aka ɗauko shi aka saƙa a ciki, surar da ke tsawata wa masu azumi suna zaluntar ma'aikatansu. Wannan saƙi ya nuna cewa da gangan aka nanata kalmar.

A sauran wuraren da Luka ya yi amfani da afesis, alal misali 1:77 da 3:3 da 24:47, gafarar zunubi take nufi. Wannan ita ce hujjar mai wa'azinmu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma a tsohuwar fassarar Attaura zuwa Girkanci, kalmar nan ce aka sa wa dokar barin bashi duk shekara bakwai (Maimaitawar Shari'a 15), ita ce kuma aka sa wa dokar shekara ta hamsin (Littafin Firistoci 25), wadda ta ce gonar da aka sayar don matsi ta koma ga mai ita, wanda ya faɗa bauta kuma ya koma ga danginsa. Kalmar Ibrananci deror, wadda ke cikin wannan doka, ita ce Ishaya ya maimaita. Watau shekara karɓaɓɓiyar da aka yi shelarta a Nazarat tana da ƙamshin shekarar mayar da gonaki. Tambayar dattijo game da gonarsa da ke jingine ta faɗa daidai tsakiyar wannan doka, ko da bai taɓa jin labarinta ba.

Matsalar mai fassara ita ce Hausa ta rarraba abin da Girkanci ya haɗa. Fursuna ana sakinsa. Bawa ana 'yanta shi, ko a fanshe shi, ko ya biya murgu har ya fanshi kansa. Zunubi ana gafarta shi. Da zarar an sa saki a sura ta 4, aka sa gafara a sura ta 24, igiyar da ta ɗaure wuraren biyu ta tsinke, mai karatun Hausa ba shi da hanyar sanin cewa kalma ɗaya ce. Daga nan sai kowa ya ja nasa ɓangaren: mai wa'azi ya riƙe gafara, ɗan siyasa ya riƙe 'yanci.

Amma akwai wata kalma tamu da ke yin kusan aikin afesis, ita ce yafewa. Bahaushe yana yafe laifi, yana yafe bashi, mace tana yafe sadaki, sarki yana yafe tara. Mai barin duniya yakan ce a yafe masa, kuma masu sauraro sun san yana nufin baƙar magana da kuɗin da ake binsa gaba ɗaya. Luka da kansa yana wasa da wannan haɗi. A addu'ar da ke sura ta 11 an roƙi gafarar zunubai bisa ga yadda masu roƙon ke barin waɗanda suke bi bashi. A sura ta 7 an kwatanta gafara da mai ba da rance da ya bar wa mutum biyu abin da yake binsu. A sura ta 19 Zakka mai karɓar haraji bai tsaya ga nadamar baki ba, ya raba rabin dukiyarsa, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga wanda ya cuta. Ba na cewa a sa yafewa a cikin nassi a wurin fursuna, domin ba ta zauna ba. Ina cewa ita ce mabuɗin da mai bayani zai riƙe.

Ga manomin kudancin Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Polly Hill, a littattafanta na 1972 da 1977 kan ƙauyukan Katsina da Kano, ta nuna yadda cin bashin hatsi da jinginar gona da ƙwadago a gonar wani ke ɗaure matalaucin manomi har ya kasa noma tasa. Wannan ɗauri ne da ba shi da mari ko sarƙa, kuma mai riƙe da igiyar sau da yawa maƙwabci ne, wataƙila ma suna zama a benci ɗaya ran Lahadi.

5.0 Abin da Ya Biyo Baya

Kada kuma a ɗauka nassin ya zama tutar wata jam'iyya. Malaman tauhidin 'yanci na Kudancin Amurka, musamman Gustavo Gutiérrez na ƙasar Peru da littafinsa na 1971, sun yi aiki mai amfani wajen dawo da matalauci na zahiri cikin karatun Linjila. Amma akwai abu biyu a cikin surar da ke taka wa mai zafin kai birki. Na farko, karatun Nazarat ya tsaya a tsakiyar jimlar Ishaya, ya bar zancen ranar ɗaukar fansa da ke biye. Na biyu, da jama'a suka yi murna, sai aka tuna musu cewa Annabi Iliya wurin wata gwauruwa ta ƙasar Sidon aka aike shi lokacin yunwa, kuma kuturun da aka warkar a zamanin Elisha shi ne Na'aman mutumin Suriya. Dukansu bare ne. Jin haka ya sa mutanen garin suka fusata har suka nemi jefa shi daga kan dutse.

Darasin ya shafi kowa. Jama'ar da take 'yar tsiraru, kamar Kiristan Maguzawa, tana iya jin cewa ita ce matalauciyar da ake nufi, ita kaɗai. Surar ba ta yarda da haka ba. A ƙauyukan Doguwa da Kiru da Bebeji, matalaucin da ke bayan danga yana iya zama Musulmi, ko Bafillatanin da shanunsa suka ƙare, ko Bamagujen da ya riƙe al'adar kakanninsa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa matalauta ta dace da nassi, talakawa kuma tana taimakon bayani idan an san nauyinta. Mun ga cewa afesis ta haɗa gafara da barin bashi da sakin bawa, Hausa kuwa ta raba su, sai a kalmar yafewa suka sake haɗuwa. Shawarata ga masu sake fassara ita ce su sa ɗan bayani a gindin shafi mai nuna wannan haɗi. Ga ɗalibanmu kuwa, akwai aikin da ke jira: a tattara yadda ake amfani da yafewa, fansa, murgu, sawaba da jingina a karin harshen kudancin Kano, tun dattawan da suka san su suna raye. Da mai wa'azin nan yana da irin wannan bayani a gabansa, da ya ce wa dattijo, "Baba, kana ciki," sa'an nan ya tambayi a hannun wa gonar take.